Idon Kang Sarmidi da Baƙaƙen Ƙofofi

To Nduk, 'yata, gyara zama ki rubuta. Kada ki yi wa maganata kwalliya, yadda ta fito haka za ki sa ta.

Sunansa Sarmidi. Kang Sarmidi, wato Yaya Sarmidi, kowa ke ce masa a unguwar nan har gemunsa ya yi furfura, yaran da ya kamata su kira shi kaka ma bakin iyayensu suka bi. Gidansa shi ne na ƙarshe kafin a faɗa gonakin shinkafa, wanda mangwaro ya danne wa rufi. Ɗan Jepara ne gaba da baya, kuma kin san ɗa namiji a garin nan a wancan zamani, ƙarfen sassaƙa kan riga cokali sabawa da hannunsa. Shekara talatin ya yi yana sassaƙar itacen jati a rumfar Haji Marzuki. Su takwas ne, kowa a zaune a ƙasa da katako tsakanin ƙafafu, rediyo a rataye jikin ginshiƙi, kofi na zagayawa, ana sara ana cin naman mutane. Sarmidi ba mai yawan magana ba ne ko a lokacin. Shi dai a yi a gabansa, ya yi murmushi, hannu na aiki. In an tsokane shi ya ce, "Ku ci gaba, ina ji."

Daga baya duniya ta juya. Masu sayen kaya suka gaji da ganye da fure a jikin kujera, jati kuma ya yi tsadar da sai wane da wane. Sai ga motoci suna sauke wani irin allo mai faɗi, sumul, launin ƙasa, wai shi emdiyef. Garin katako ne aka kwaɓa da gam aka danne. Ba shi da jijiya, ba shi da ƙamshi, ka sa masa ƙarfe ya marmashe. Masassaƙan rumfar suka sa masa suna tempen katako, wai ya yi kama da tempe, curin waken soyar nan da ake dannewa, suka yi ta dariya. Ba su daɗe suna dariyar ba. Cikin shekara uku rumfar ta watse. Ɗaya ya tafi Malesiya, ɗaya ya koma sayar da miyar kifi a bakin tasha, biyu suka riga mu gidan gaskiya, sauran kowa ya bi inda iska ta kai shi.

Sarmidi ne bai tafi ba. A shekarar matarsa Tumirah ta rasu, ɗansu guda ɗaya, Gunadi, ya riga ya haye tsibirin Kalimantan aikin gonar kwakwar manja, sai da salla ake jin muryarsa a waya. Gidan da a da ya yi musu kaɗan, yanzu in Sarmidi ya ajiye kofi a kan tebur sai ya ji ƙarar ta zaga ɗakuna ta dawo. Da Haji Marzuki ya ce masa, "Kang, sassaƙa ta ƙare, sai dai in za ka koyi feshin fenti," bai ko tambayi ladan aikin ba. Cewa ya yi, "Ƙarfe nawa ake zuwa?"

Ɗakin feshi yana can ƙarshen fili, bayan tarin alluna. Ba wani ɗakin kirki ba ne, ginshiƙai ne aka kewaye da leda mai kauri ninki biyu, da doguwar fitila ɗaya a gefe, da injin iska a waje yana tari. Dokarsa ɗaya ce, ba mai shiga sai mai feshi. Ƙura ita ce abokiyar gaba. Ƙwaya ɗaya ta sauka a kan ɗanyen fenti, in ya bushe sai ta tsaya kamar ƙurji a goshi. Don haka kafin ya fara sai ya yayyafa wa ƙasa ruwa, ya sauya riga, ya ɗaure hanci da baki, ya ja leda ya rufe kansa. Mutumin da ya yi shekara talatin kafaɗa da kafaɗa da mutane, sai ga shi ya yi goma sha biyar a cikin leda shi kaɗai.

Amma ya iya, wannan ko maƙiyinsa ba zai hana shi ba. Allon nan da suka raina, ya zauna ya gano halinsa kamar yadda ya san halin jati. Yakan ce fuskar emdiyef ba ta da rigima, bakinsa ne mayunwaci. Inda zarto ya yanka, nan yake shan fenti kamar yashi, ka zuba ya shanye, ka ƙara ya shanye, ya bar maka gashi-gashi. Sai an toshe bakin da foti, ƙullun cike rami, siriri, an bari ya bushe, an goge, an sake. Ruwa kuwa ba ya kusantarsa yana tsirara, ɗigo ɗaya sai ya kumbura kamar burodi. Sai an yi masa shafin ƙasa mai ruwan toka, sau biyu, wani lokaci sau uku, kowane shafi a bi shi da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har allo ya yi santsin cikin faranti. Sannan launi. Sannan ruwan nan na ƙyalli a kai. In ya kwana biyu ya yi tauri, a bi shi da ruwa da samfefar da ta fi tafin jariri laushi, a murza da man gogewa. In Sarmidi ya gama da ƙofar kabad, mace sai ta tsaya a gabanta ta sa kwalli, ba ta nemi madubi ba.

Gugar kuwa ba aikinsa ba ne, aikin mata ne, haka yake a kowace rumfa a garin nan. Su bakwai ne a ƙarƙashin kwano, kan dogon benci, fuska a naɗe da tsohuwar riga sai ido, gari ya mai da su farare tun daga gira har yatsun ƙafa. Babbarsu Yu Ngatemi, wato Yaya Ngatemi, gajeriyar bazawara mai baki kamar reza, wadda ta fara guga tun Haji Marzuki na da baƙin gashi. Tsakaninsu da Sarmidi alli ne. In sun gama allo sun jingina a bakin leda, sai ya fito ya shafa shi da tafin hannu, ya karkata shi ga haske. Inda ya sami rami ko tudu ko layin samfefa, ya zaro alli daga bayan kunne ya zagaye wurin, ya mayar musu. Ba ya cewa uffan. Su kuwa da yawan allon da suka gama ake sallamarsu, wanda ya dawo aikin banza ne. Shekara goma sha biyar yana zana musu ƙwai a kan aiki. Ta ina za su so shi?

"Ga sarkin alli nan ya fito," in ji Yu Ngatemi, ba ta ko rage murya. "Ku ɓoye fuskokinku, kada ya ga rami ya zagaye."

Su kwashe da dariya, shi ya koma cikin ledarsa.

Abin da ba su sani ba, leda ba ta tare magana. In injin iska ya yi shiru, yana jiran shafi ya sha iska kafin ya ƙara wani, sai ya zauna a kan gwangwanin fenti ya kasa kunne. Ya san wadda surukarta ta ƙona tukunya. Ya san wadda mijinta ya koma kamun kifi. Ranar da ɗan Sulastri, ƙatuwar da ke zama kusa da Yu Ngatemi, ya ci jarrabawa, har murna ya yi shi kaɗai a ciki. Da azahar su baje ƙunshin shinkafarsu a tsakiya, kowa ta sa hannu a na kowa. Shi ya ci nasa a bakin leda, don warin tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, ya kama jikinsa har sabulu ya gaza. Ko a masallaci na kusa da shi a sahu kan ɗan juya hanci.

La'asar sakaliya ya tura kekensa gida, ya dafa abin da zai dafa, ya ci a tsaye. Lahadi ba a aiki, kuma a wurinsa Lahadi ta fi sauran kwana shidan tsawo. Ya share tsakar gida, ya sake sharewa, ya wanke rigar da ya wanke jiya. In Gunadi ya bugo da salla, magana ba ta wuce, "Pak, kana lafiya?" "Lafiya lau." "Ana ruwa a can?" "Ana yi." Sai su yi shiru su biyu suna jin numfashin juna, har ɗan ya ce, "To Pak, sai an jima." Ba faɗa suka yi ba, Tumirah ce dama ke riƙe musu hirar, da ta tafi ta tafi da ita. Shi ya sa kullum shi ke fara zuwa wurin aiki, tun mai gadi bai naɗe tabarma ba. Abin da yake tsoro a duniya ɗaya ne, ranar da za a ce masa ya huta a gida.

Sai ido ya fara. Da fari fitilar ɗakin ce ta yi hazo a kewayenta. Ya goge ta, hazon bai tafi ba. Sai da ya goge ta sau uku kafin ya yarda ba a jikin fitila abin yake ba. Yanar ido ce ta sauko masa, ta fara da dama ta bi hagu. Wajen duba allo bai damu ba, tafin hannunsa ya fi idon wasu gani. Amma ɗanyen fenti ba a taɓa shi, ido kawai ke karanta shi. Kana tafiya da bindigar feshi kana kallon ƙyallin yana bin hannunka. In ya yi kaɗan ya bushe da kaushi kamar ɓawon lemo, in ya yi yawa ya zubo da hawaye. Tsakanin biyun bai kai numfashi ɗaya ba.

Bai gaya wa kowa ba. Ya san ana zuwa asibiti a cire yana, amma ya san wata guda ake hana mutum shiga ƙura da wari, bindiga kuwa ba ta yin wata guda a rataye, wani zai ɗauka. Sai ya koma aiki da kunne. Ya san kukan bindiga in tana nesa da allo taƙi ɗaya. Ya san daga wannan baki zuwa wancan salati ɗaya ne. Allah kuma ya rufa masa asiri, shekarar duk fari da ruwan madara mutane ke so, su kuwa fararen launuka masu yafiya ne, suna haɗiye kuskure.

A lokacin Haji Marzuki ya riga ya rasu, 'yarsa Endah ke riƙe da wurin. Sarmidi ya sha ɗaukarta a kafaɗa tana ƙarama, Pakde take ce masa, kamar yayan mahaifinta, shi kuma ya ce mata Nduk, yadda babba ke kiran 'ya mace. Ran nan farkon damina ta zo bakin leda da waya a hannu.

"Pakde, aiki ya samu. Wani likita ne a Semarang, kabad ɗin kicin, ƙofa goma sha biyu dogaye. Baƙi yake so, wuluk, mai ƙyalli. Ga hoton."

Ya karɓi wayar ya kai kusa da fuska. Wani duhu ya gani mai kusurwa huɗu. Ya ce, "Ya yi kyau."

"Na ce masa ko Jakarta ya je ba zai sami hannu irin na Pakde ba. In ya ji daɗi, abokansa na nan a layi."

"Allah ya sa, Nduk."

Baƙi ba ya yafiya. Abin da fari ya ɓoye shekara guda, baƙi zai tona shi kafin ya bushe. Sarmidi ya fi kowa sanin haka.

Mata suka yi kwana tara a kan ƙofofin nan. Rana ta tara Yu Ngatemi da kanta ta ɗauko ta ƙarshe ta jingina masa, kuma ba ta tafi ba. Ya shafa daga sama har ƙasa, ya bi baki da ɗan yatsa, ya karkata ta ga haske yadda ya saba.

"Ta yi," ya ce.

"Ta yi?"

"Na ce ta yi, Yu. Ko so kike in nemo miki laifi?"

Ta waiga ta ga sauran sun tafi wanke hannu a rijiya. Ta sauke ƙyallen fuskarta. "Kang, na zana kifi a tsakiyar ƙofar nan da fensir. Da ido, da jela. Ya kai tsawon hannuna."

Sarmidi ya tsaya da tafinsa a kan allon.

"Tun bara na lura," ta ce. "Kana miƙa hannu ɗaukar kofi kana kama iska. Ran nan ka wuce tulin kwali ka ce masa sannu da aiki."

"Na ɗauka Sulastri ce."

"Ban gaya mata ba. Da har lahira ba ta yafe maka ba."

Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. Ya ce, "Za ki gaya wa yarinyar?"

"Da gulmarka zan yi da tuni na yi, ka fi kowa ba ni abin faɗa. Ji nan. Ranar feshi in yi wanka, in sa wankakkiyar riga, in shigo in tsaya a bayanka. Ni in duba ƙyallin, kai ka riƙe bindiga. In na ce wuce ka wuce, in na ce koma ka koma."

"Ba a shiga ɗakin nan."

"In ji wa? A wace aya take?"

"Ku da kanku ƙura ce, Yu. Ko wanka bakwai kika yi, tana cikin gashinki."

Bai yi nufin ta fito haka ba, amma haka ta fito. Wanda ya daɗe ba ya magana, in ya buɗe baki ba ya sanin nauyin abin da ya ɗauko. Kuma gaskiya ba ƙurar yake tsoro ba. In mai guga ta shiga ɗakin feshi, kafin azahar duk rumfunan layin sun ji, kowa kuma zai tambayi dalili.

Yu Ngatemi ta mayar da ƙyallenta. "To. Allah ya ba da sa'a, sarkin alli. Ka goge kifin kafin ka fesa."

Ta tafi. Ya ɗauki tsumma ya goge ƙofar gaba ɗaya, ciki da baya, tunda bai san inda kifin yake ba.

Washegari ya jira rana ta ɗaga, don laimar damina tana dusashe fenti. Ya jera ƙofofin a tsaye, ɗakin ba zai ɗauke su a kwance ba. Baƙin ya hau lafiya, shafi biyu sirara. Rana ta biyu ce ta ruwan ƙyalli. Shi ba shi da launi, ruwa ne a kan baƙi, ko mai ido biyu sai ya karkata kai yake ganin inda ya jiƙa. Sarmidi ya duba bai ga komai ba sai duhu da hazon fitila. Ya yi bisimilla ya fara, salati ɗaya daga baki zuwa baki. A ƙofa ta uku shakka ta shige shi. Anya ya jiƙa? In ya bar wuri a bushe likita zai gani. Sai ya rage saurin hannu. A ta biyar ya ƙara komawa sau ɗaya, don kada a ce. A waje yana jin matan suna gardamar ko hadarin nan zai zuba, amma duk yinin bai ji muryar Yu Ngatemi ba. Sau biyu ya ajiye bindiga ya nufi leda zai ɗaga ya kira ta. Sau biyu ya dawo.

Ya bar su suka kwana bai taɓa ba, haka ƙa'ida take. Da safe, kafin kowa ya zo, ya shiga ya ɗora tafinsa a kan ta farko. Sumul. Ta biyu, sumul. A ta uku yatsansa ya ci karo da wani siririn tudu, ya bi shi ƙasa, ya ƙare da ɗan ƙulli kamar ƙwayar shinkafa. Hawaye ne. Kusa da shi wani. Ta biyar kuwa kamar an bar kyandir ya narke a kanta. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, biyun farko kaɗai suka tsira.

Bai jira a gano ba. Da kansa ya fito da su ya jingina a fili, inda rana za ta haska su, ya tsaya a gefe da hannu a baya. Mata suka fara shigowa ɗaya-ɗaya, duk wadda ta gani sai ta haɗiye gaisuwarta ta wuce benci. Can sai ga babur ɗin Endah. Ta daɗe tana kallon ƙofofin kafin ta juyo.

"Idona ne, Nduk," ya ce. "Ya fi shekara."

"Shekara. Kuma kullum ta gabanka nake wucewa."

Ba ta yi faɗa ba. Da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce ƙofofi ba komai ba ne, za a goge a sake, za ta roƙi likita ya ƙara mata mako biyu, akwai wani mai feshi da ya bar kamfani yana neman wuri. Ta ce jibi da kanta za ta kai shi asibiti. Sannan ta faɗi abin da ya shekara yana gudu.

"Pakde, ka yi mana, ya isa haka. Ka huta a gida. Abin da kake samu zai riƙa samunka har ɗaki, shinkafa ma zan aiko. Ba za ka nemi komai ba."

Alheri take nufi, kuma alherin ne. Amma Sarmidi yana tsaye a filin nan ya hango kujerarsa guda ɗaya a baranda, da rana tun daga fitowarta har faɗuwarta.

"Nduk, kada ki aiko min da komai. Ki bar ni dai in riƙa zuwa."

"Ka zo ka yi me, Pakde? Bindiga kam ba zan iya ba ka ba."

"Ba bindiga ba." Ya nuna ƙarƙashin kwano da haɓa. "Guga. Ita ba ta neman ido. Hannuna lafiyarsa lau."

Wata daga cikin matan ta yi tari. Namiji a bencin guga, kuma mai feshi, wanda ya fito daga sassaƙar jati, a garin nan kamar a ce mai jirgin ruwa ya koma wanke kifi ne. Za a yi ta maganar a shagon kofi har damina ta fita.

"Mutane za su ce na wulaƙanta abokin babana," in ji Endah.

"Ki ce musu ni na roƙa."

Ta murza makullin babur. Sannan ta ce, "Bencin ba nawa ba ne, na Yu Ngatemi ne. In ta yarda."

Yu Ngatemi tana zaune tana naɗa ƙyalle a fuska. Ba ta yi sauri ba. Sai da ta ɗaure, ta gwada ko ya zauna, ta kwance ta sake ɗaurewa.

"Mu fa ƙura ce, Kang."

"Na faɗa, Yu. Ban kyauta ba."

"Tana cikin gashinmu."

"Ni ko gashin da za ta zauna ba ni da shi."

Sulastri ta ƙyalƙyale, ta yi maza ta danne.

"A nan ba sarki," in ji Yu Ngatemi. "Abin da na ce a sake, a sake. Kuma ranar Juma'a juyi-juyi muke kawo soyayyar ayaba, ba ruwanmu da kai namiji ne."

"Na ji."

"Ka iya suya?"

"Ina ƙonawa."

"To ka ƙona ka kawo." Ta tura Sulastri da gwiwar hannu. "Ku matsa masa. Ba nan ba, can ƙarshe, inda kwano ke yoyo. Sabon zuwa nan yake farawa."

Aikinsa na farko a bencin nan ƙofofinsa ne. Aka ɗora masa ta biyar a kan cinya, aka miƙo masa samfefa a naɗe jikin guntun katako da kwanon ruwa. Ya nemo kan hawayen da yatsa, ya fara ci da shi a hankali, kada ya huda har ƙasa.

Sai dai abin da bai yi zato ba, zamansa ya kashe hirar. Mata bakwai da ba a taɓa jin bakinsu ya huta ba, suka yi tsit, ba ka jin komai sai shaf-shaf ɗin samfefa. In wata za ta yi magana sai ta raɗa, ko ta bari sai sun je rijiya. Yini guda haka. Endah ta kai shi asibiti, aka cire yanar ido ɗaya, ɗayan suka ce ya wuce gyara. Ya yi watansa a gida yana ƙirga kwanaki a jikin bango, ya dawo da ganin da zai kai shi hanya amma ba zai riƙe bindiga ba. Ya zauna a ƙarshen benci, shirun nan ya sake sauka kamar dama jiransa yake. A can ƙarshen fili injin iska na tari a hannun wani. Sarmidi ya naɗe fuska da tsohuwar riga kamar kowa, ya sunkuyar da kai, bai ɗago ba sai in an miƙo masa allo. In ruwa ya sauko, yoyon kwano ya ɗiga masa a ƙeya, bai matsa ba. A shagon kofi kuwa an yi maganar, har wani ya tambaye shi ko ya sayi zane. Ya ce bai sami mai kyau ba tukuna.

Sai wajen fitar damina, wata Laraba da hantsi, Sulastri ta jefar da samfefarta ta ce wallahi mijinta in ya yi minshari har kajin maƙwabta tashi suke. Wata ta ce nata ya fi, shi da ido biyu ma yake yi. Ta ukun ta ce ku gode wa Allah naku na kwana a gida. Kafin ka ce me, an baje mazan unguwa kaf a kan benci ana fiɗa, wannan rowa, wancan wari, ana dariya har da buga cinya. Ba wadda ta rage murya, ba wadda ta waiwayi ƙarshen benci. Sun manta akwai namiji a wurin.

Sarmidi bai ɗago ba, kada su tuna. Ya tsoma samfefa a ruwa ya ci gaba da bin bakin allo a hankali. Shekara huɗu ya yi a ƙarshen bencin nan, kuma ko sau ɗaya ba wadda ta riga shi zuwa.